Ɗingishin Akawal

Duk wanda ya tashi a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui ya san shanu, ya san tumaki da awaki, amma doki sai a bakin tsofaffi. Ƙasar akwai kurmi da dausayi, ƙudan tsando yana nan a bakin rafuka, cutar sammore da yake ɗauke da ita kuwa ba ta barin doki ya yi kwana mai yawa. Kakanninmu da suka gangara can daga ƙasar Hausa, wasu ta Kamaru wasu ta Chadi, sun tafi da fatauci da allo da harshe, dawaki kuwa suka bar su a arewa. Ni jikan ɗaya daga cikinsu ne. A kasuwar unguwar na buɗe ido, a rumfar mahaifina inda muke sayar da magungunan dabbobi, yawancin masu sayenmu kuma Mbororo ne da mahauta.

Sana'a ce ta halal, da ita aka ciyar da ni, ban raina ta ba. Sai dai ta dasa mini wani tunani da ban gane illarsa ba sai da na yi ɓarna. Makiyayi zai zo ya ce saniyarsa ta rame, idonta na hawaye, gashinta ya tashi; kafin ya rufe baki hannuna ya kai kan maganin sammore. Wani ya ce tari, in miƙa masa kwalbar oksitetirasaikilin. Saniyar tana can daji, ban ganta ba, ba kuma zan ganta ba. In mutumin ya dawo ya sake saye, sai in ɗauka maganin ya yi aiki. In bai dawo ba, in ce ta warke. Haka na girma ina ganin kowace cuta da kwalbarta, wanda ya haddace sunayen kwalabe kuma ya san magani.

A watan Maris na 2013 mayaƙan 'yan tawayen Seleka suka kama Bangui. Ranar 5 ga Disamba na shekarar 'yan anti-balaka, abokan gabar Seleka, suka afka wa birnin, daga nan unguwarmu ta zama tungar da Musulmi ke fakewa, fita daga cikinta kuma ya zama sayar da rai. A farkon 2014 na bar ƙasar da iyalina. Ba zan tsaya a kan wannan ba, akwai waɗanda suka fi ni hasara kuma su suka fi cancantar ba da labarin. Abin da ya shafi zancena shi ne halin da na isa Zariya a cikinsa. Na sauka cikin birni a gidan kawuna, yayan mahaifiyata, ya ba ni ɗaki biyu da hatsi, bai taɓa nuna mini gajiya ba. Amma mutumin da ya saba ciyar da gida, yau a ce sai an miƙo masa, zuciyarsa ba ta kwanciya. Ina neman abin da zan yi a ce ni ma ga amfanina.

Kawu yana bin wani hakimi a hawa, yana da dawaki biyu. Babban baƙi ne, shi ya sa kowa ke kiransa Akawal, ya haura shekara goma sha biyar, kuma ya daɗe yana ɗingishi da ƙafafun gaba. Ɗingishin ba mai tsanani ba ne. A kan yashi da ƙyar ka lura, amma in ya taka tsandauri, ko aka juya shi a ƙuntataccen wuri, sai ka ga yana ɗosana ƙafa yana taƙaita taku. Mai kula da bargar wani dattijo ne da ya yi aiki tun zamanin mahaifin Kawu, duk gidan Baba muke ce masa. Shi ya hana a hau Akawal Sallolin baya. Ya zuba masa yashi a gindin turke, ya rage masa hatsi, ba ya yarda a bi da shi ta kwalta. A idona wannan duk zaman jiran tsammani ne na wanda bai san magani ba.

Da azumi ya gabato na nemo allurar fenilbutazon, maganin kashe zafi da kumburi da ake yi wa dawaki. Na yi masa ta jijiya. Kashegari dokin ya fito yana taku kamar ba shi ba. Kawu ya zagaya shi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ashe likita Allah ya kawo mana har gida." Tun da na bar Bangui ban ji magana mai daɗin wannan ba.

Baba bai ce komai ba a gaban Kawu. Sai da muka keɓe ya ce, "Ɗan nan, ciwon yana nan. Bakinsa ka rufe." Na amsa masa da cewa zamani ya wuce na yashi da jira. Na faɗi haka ga mutumin da ya haifi kamata, wanda ya kwana da dawaki shekarun da suka fi nawa a duniya, alhali ni ban taɓa ɗaga ƙafar doki na duba cikin kofatonsa ba. Wannan maganar ta fi allurar muni, don ita ta rufe ƙofar da gyara zai shigo. Daga ranar Baba ya ja baya, Kawu kuma ya bar mini ragamar barga.

Na ci gaba da allurar a kai a kai. Na kuma dubi dokin na ga bai cika ido ba, ga Sallah tana tafe, kowa yana so dokinsa ya fito a murje yana sheƙi. Na ninka masa dawa, na ƙara jiƙaƙƙen gero da dusa, ga ɗanyar ciyawar damina ana kawowa. Wuyansa ya yi kauri, ɗuwawunsa ya cika, masu wucewa suna yabo. Ranar Sallah ɗan Kawu ya hau shi da cikakken kaya. Kashegari aka yi Hawan Bariki, tafiya mai nisa kuma yawancinta a kan kwalta, ga tsayuwa, ga sukuwa, ga zamiya.

Bayan hawan Akawal ya ƙi motsi. Ya miƙe ƙafafun gaba can gaba, ya tattaro na baya ƙarƙashin cikinsa, ya jingina nauyinsa baya, gumi na zuba, numfashi sama-sama. In an ja ragama sai ya yi nishi. Daga baya ya kwanta ya ƙi tashi. Na ƙara allura, ba ta yi komai ba. Mutane suka taru, kowa da tasa, mafi yawa suka ce kafaɗa ce ta goce. Aka kira wani mai lalas, ni kuma na yarda, don a lokacin duk abin da zai ɗauke laifi daga kan allurata da hatsina ina maraba da shi. Aka ce Baba ya riƙe igiya, ya ce ba da hannunsa ba, ya fita daga gidan. Aka ɗora wa dokin jan ƙarfe a kafaɗar da lafiyarta ƙalau. Har yau in na tuna ƙaurin fatar nan sai in nemi gafarar Allah.

Baba ne ya dawo da likitan dabbobi, wani matashi da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Bai dubi kafaɗar ba sai don ya wanke ƙunar. Ya durƙusa ya dafa kofato, ya ce in taɓa, zafi rau. Ya ɗora yatsana a bayan wuyan ƙafar, dab da kofato, na ji jijiya tana bugawa da ƙarfi. Ya matsa tafin kofaton da wani awartaki, dokin ya zabura. Sannan ya nuna mini zobba-zobba da suka kewaye kofaton, sun matse ta gaba sun buɗe ta wajen dunduniya, ya ce waɗannan tarihin ciwon ne, ya daɗe yana tashi yana lafawa. Ya tambayi abin da dokin ke ci da abin da aka yi masa. Na faɗa masa duka a gaban Kawu. Ya ce, "Malam, laminaitis ne, kumburin cikin kofato. Da ma yana da shi kaɗan. Hatsin ya hura shi, allurar ta ɓoye shi, kwalta ta ƙarasa."

Bayanin da ya yi mana ya kamata duk mai doki ya ji shi. Doki a kan yatsa ɗaya yake tsaye a kowace ƙafa, kofato kuma farcen yatsan ne. A cikinsa akwai ɗan ƙashi na ƙarshe, wanda ba a ƙasa yake zaune ba, a rataye yake jikin bangon kofato ta wasu siraran faifai na nama kusan 600 da suka sarƙe da juna. Duk nauyin dokin a kansu yake, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin ƙafafun gaba ke ɗauka, shi ya sa ciwon ya fi kama su. In faifan nan suka kumbura sai su saki. Babbar jijiyar da ke bayan ƙafa tana jan ƙashin, bakinsa ya karkata ƙasa yana danna tafin kofato, wani lokaci har ya huda shi. Likitan ya ce in kwatanta da a ce ana ɓamɓare mini farce daga nama, kuma a kan farcen nake tsaye dare da rana.

Hatsi kuwa ga yadda yake shiga zancen. Cikin doki ƙarami ne, an halicce shi ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. In aka tula masa dawa ko gero da yawa a lokaci ɗaya, ƙaramin hanji ba ya iya narkar da shi duka, sai ragowar ta wuce babban hanji ta yi tsami, ta kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke can, guba ta shiga jini ta isa kofato. Akwai kuma hanya ta biyu wadda ta fi kama dawaki masu ƙiba da tsofaffi: sinadarin insulin ya yi yawa a jini, shi ma yana raunana faifan. Kaurin wuyan nan da nake alfahari da shi, alamar haɗari ce. Ita allurar kuma, likitan bai ce mugun abu ba ce. Ya ce shi ma zai ba da ita, amma kaɗan, na ɗan lokaci, kuma dokin yana hutawa. Zafi shi ke hana dabba taka ƙafar da ta lalace. Wanda ya cire zafin sannan ya ɗora sirdi ya cire mata abin da ke kare ta. Yawan maganin kuma yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Ya buɗe bakin Akawal ya nuna mini miki a dasashinsa.

Kawu ya tambaya ko akwai allurar da ke warkar da shi, ko nawa ce. Likitan ya ce babu, ko a ƙasashen da ake kashe wa doki dukiya. Secretariat, dokin da ya lashe manyan tseren Amurka uku a 1973, wannan ciwon ne ya sa aka kashe shi a 1989 yana da shekara 19. Barbaro, wanda ya ci tseren Kentucky a 2006, ya karye a ƙafar baya makonni biyu bayan nasararsa. Likitocin Jami'ar Pennsylvania suka haɗa ƙashin, amma kumburin kofato ya kama sauran ƙafafun, a Janairun 2007 aka haƙura da shi. Ya ce abin da ke hannunmu shi ne mu cire sanadi, mu tallafi ƙafar, mu jira sabon kofato ya tsiro. Kofato yana tsirowa daga bakin gashi ya gangaro, bai cika kai santimita ɗaya a wata ba, kafin ya sabunta gaba ɗaya sai an yi wata tara zuwa shekara. Bai yi mana alƙawarin dokin zai tashi ba.

A daren nan na je ɗakin Baba a zaure. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya, na kuma cuci dabbar da ka rena. Ka yafe mini." Ya daɗe bai amsa ba. Da ya buɗe baki ya ce, "Nawa na yafe, ɗan nan. Na dokin kuwa sai ka biya shi da hannunka. Gobe da asuba ka ɗauko baro." Yashi muka fara kwasowa. Abin da likita ya rubuta, in ka cire maganin, kusan duk abin da Baba yake yi ne tun kafin zuwana.

Muka kwance Akawal daga turke, muka kewaye masa wuri a inuwa, muka zuba yashi mai zurfi yadda kofato zai nutse, tafinsa ya sami abin dogara ko'ina. A kwanakin farko muna tsoma ƙafafunsa cikin ruwan ƙanƙara gwargwadon abin da muka samu. Hatsi aka ɗauke gaba ɗaya, ko tsaba. Busasshiyar ciyawa kawai, ita ma sai an jiƙa ta an tsiyaye ruwan don zaƙinta ya ragu, da 'yar harawa kaɗan, a rarraba masa sau da yawa a yini. Wannan ya fi komai yi wa mutanen gida wuya. Dokin yana ramewa, yana jin ana auna wa ɗan'uwansa dawa yana haniniya, mata suna cewa ana horar da shi da yunwa. Na taɓa kama wani yaro yana kai masa dusa a ɓoye don tausayi. Ban iya yi masa faɗa ba, na zaunar da shi na sa yatsansa a jijiyar nan kamar yadda aka sa nawa.

Da yake yana yawan kwanciya, fatar ƙugunsa da gwiwoyinsa ta fara salewa, sai mun riƙa juya shi muna shafa magani. Sannan maruru ya taru a cikin kofaton dama. Dokin da ya fara samun sauƙi ya koma tsayuwa da ƙafa uku, na ce shi ke nan. Likitan ya ce wannan yakan biyo baya, mataccen nama ne ke neman hanyar fita. Muka riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri har ya fashe ta bakin gashi, mugunya ta fita, dokin ya sauke ƙafa. Haka ya sake yi daga baya. A irin waɗannan ranaku hannuna yakan yi ƙaiƙayin allura, don na san cikin sa'o'i kaɗan zan ga ya miƙe. Kwalbar da ta rage na ba Baba ya ajiye a wurinsa.

Babban aikin shi ne gyaran kofato. Kusan kowane wata likitan yakan zo da wuƙa da magagari, ya rage bakin kofaton da ya yi tsawo ya tanƙware sama, ya sassabe dunduniya kaɗan, don kofato ya koma daidai da ƙashin da ya karkace. Ba a yi a zama ɗaya, in an zarce an jawo wani ciwon. Ni nake riƙe ƙafar, da haka na koya. Ya kuma goge wa dokin haƙoran da suka yi tsini suna yankar kumatunsa, abin da ke hana tsofaffin dawaki tauna ciyawa da kyau. Bayan 'yan watanni Baba ya kira ni ya nuna mini wani ɗan zobe mai santsi da ya fito a ƙarƙashin gashi, faɗinsa bai fi yatsa ba, ya miƙe sambal ba kamar na ƙasansa ba. Daga nan muka riƙa auna saukarsa da tsinke.

Da sanyi ya shigo aka yarda mu fara jan shi da hannu a kan yashi, taku kaɗan, a ƙara a hankali. Sallar da ta zagayo ta same shi yana tafiya ba ɗingishi a ƙasa mai laushi. Ɗan Kawu ya so a gwada shi a hawa, har ya ce in yi masa 'yar allura ko ɗaya ce. Kawu ya dube ni. Na ce a'a, na ce in an ɗora masa sirdin hawa to ba da yawuna ba. Kawu ya ce maganar ta ƙare, ya yi wa yaron aron wani dokin.

Abin da na ɗauka daga wannan ya wuce sanin cutar kofato. Na gane cewa ba dokin nake yi wa magani ba tun farko, kaina nake yi wa. Ina bukatar a ga amfanina kafin Sallah, sai na ɗora wa dabbar da ba ta da baki wa'adin da nawa ne, ba nata ba. Ilimin da na zo da shi daga rumfa na gaske ne, amma rabi ne: na san abin da ke cikin kwalba, ban san abin da ke cikin kofato ba, kuma ban yarda akwai abin da ban sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni da 'yar fitilata na shiga, ita ta sa na ƙi bin wanda ya san hanya.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, shi ya sa na ga ya dace in rubuta. Duk wanda ke zagaya barga a Zariya ko Kano ko Katsina a goman ƙarshe na azumi zai ga abin da na yi ana yin sa: dokin da ya shekara a turke ba motsi, a tula masa hatsi don ya cika ido, in ya ɗingisa a nemi mai allura, a hau shi a kan kwalta yini guda. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, abin farin ciki ne ga duk ƙasar Hausa. Amma muna kashe kuɗi mai yawa a kan sirdi da jalala da linzami da rawani, mai gyaran kofato na ƙwarai kuwa sai an sha nema. Dawakinmu yawancinsu ba su da takalmin ƙarfe, titunan da ake hawa a kansu kuma ba na zamanin da aka faro hawan ba ne. Da masu dawaki za su riƙa duba ƙafa kowane wata, su raba hatsi kaɗan-kaɗan tare da ciyawa mai yawa, su riƙa kilisa duk shekara, da an rage dawakin da ke durƙushewa bayan Sallah ana cewa sammu ne ko kafaɗa.

Yanzu ina da 'yar rumfar magungunan dabbobi a Zariya. In mutum ya zo neman fenilbutazon ana gobe hawa, nakan tambaye shi wace ƙafa ce, ko akwai zafi a kofato, me dokin ke ci. In na ji alamar abin da na sani, sai in ce ya kira likita, ba zan sayar ba. Wasu sukan saurara. Wasu sukan yi tsaki su wuce rumfar gaba, can kuma a sayar musu.

Akawal bai sake yin hawa ba. Ya yi shekaru bayan haka yana ɗaukar ƙananan yaran gidan kilisa da yamma, Baba ko ni muna riƙe da ragama, ba ma bi da shi ta kwalta. Hatsi bai sake ci ba sai ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Kofaton hagu ya dawo kusan yadda yake. Na dama bai dawo ba, tafinsa ya zauna a shafe, in aka wuce wata ba a gyara shi ba sai ɗingishin ya nemi dawowa. Ni nake gyara masa shi har ƙarshen ransa.